Tsohon Ciwo Kan Rufe Sabo: Ɓarin Kai, Kaska da Wani Zazzaɓi a Kaugama

Duk macen da ta daɗe tana fama da ciwon ɓarin kai ta san gajeriyar maganar da ake tarbarta da ita a gida: "Naki ne ya tashi." Magana ce ta tausayi, kuma galibi gaskiya ce. Sai a sauke labule, a kore yara daga ƙofar ɗaki, a kawo ruwa da ƙwaya biyu, a jira wayewar gari. Illar maganar takan bayyana ne ranar da wani ciwo dabam ya shigo, domin shi ma da ita za a tarbe shi. Wadda aka sani da ciwon kai, da wuya a yarda cewa kanta zai iya yin wani ciwon da ba wancan ba.

Ina cikin waɗannan mata tun ina 'yar shekara 15. Nawa ɓarin kan yana bin jinin al'ada, wata bayan wata, kamar mai karɓar kuɗin haya. Shekara biyu da suka wuce, a ƙarshen damina, zazzaɓin cizon kaska ya same ni a ƙasar Kaugama, a daidai makon da nake jiran wancan tsohon baƙon. Wasiƙar wannan makon bayani ce a kan cututtukan biyu: yadda kowanne ke aiki, yadda ake rarrabe su in sun haɗu a kai ɗaya, da yadda magungunansu ke iya cin karo da juna.

Ciwon da ke bin wata

Sunan da Bahaushe ya ba wannan ciwo ya dace da shi. Larabawa shaƙiƙa suke ce masa, daga tushen kalmar da ke nufin tsagawa biyu. Sunan da Turawa ke amfani da shi a yau kuwa ya gangaro ne daga Girkanci, daga kalmar da likita Galen ya yi amfani da ita a ƙarni na 2, mai ma'anar rabin ƙoƙon kai. Kowa abu ɗaya ya gani: ciwo mai kama ɓari guda, yana bugawa kamar ana daka, yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 in ba a tare shi ba. Yakan zo da tashin zuciya ko amai. Haske da ƙara su zama azaba, motsi ya ƙara shi, har sunkuyawar ruku'u ta zama aiki. Wasu sukan ga alamar gargaɗi kafin ya sauka, walƙiya mai lanƙwashe-lanƙwashe a ido ko wani yanki na gani ya ɓace, na tsawon minti 5 zuwa 60.

Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da shi. Kafin balaga, yara maza da mata kusan kunnen doki suke. Bayan balaga sai mata su ninka maza sau biyu zuwa uku. Babban nazarin nauyin cututtuka na duniya na 2019 ya sa shi a matsayi na biyu cikin abubuwan da ke hana mutane walwala da aiki, kuma na ɗaya a tsakanin matan da ba su kai shekara 50 ba.

Dalilin wannan bambanci yana cikin homon, wato sinadaran da jiki ke zubawa a jini su kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. Wanda ya shafe mu a nan shi ne istirojin. Yakan hau ya sauka a cikin watan mace, kuma gab da zuwan jini yakan faɗi ƙasa da sauri. A farkon shekarun 1970 wani likita a Ostareliya, Brian Somerville, ya raba gardama da gwaji mai sauƙi. Da ya ba mata homon ɗin furojestaron, sai jinin ya jinkirta amma ciwon kan ya zo a kan lokacinsa. Da ya yi musu allurar istirojin, sai jinin ya zo amma ciwon kan ya dakata har sai da istirojin ɗin allurar ya sauka. Ashe faɗuwar istirojin ce ke buɗe ƙofa. Tana sa jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska da mayafin ƙwaƙwalwa ta zama mai saurin harzuƙa, ta yadda abin da ba ya komai a tsakiyar wata, kamar rashin barcin dare ɗaya ko tsallake abincin rana, sai ya isa ya tayar da ciwo.

Ƙa'idar da likitocin ciwon kai na duniya ke bi tana cewa: in ciwon yana zuwa tsakanin kwana biyu kafin jini da kwana na uku na jinin, a aƙalla wata biyu cikin uku, to mai alaƙa da al'ada ne. Irin wannan ya fi daɗewa, ya fi tsanani, ya fi taurin kai ga magani. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da shi. Kalanda ce ke tabbatar da shi. Shi ya sa tun ina jami'a nake riƙe da ɗan littafi, ina rubuta ranar da ciwon ya fara, ɓarin da ya kama, ranar da jini ya zo, da abin da na haɗiya. Masu tallar magani da lasifika a tasha sukan lissafa ɓarin kai cikin alamomin shafar aljanu. Ni dai littafina ya nuna mini cewa nawa yana da ranar zuwa da ranar tafiya, kuma ba ya saɓa alkawari.

Kaska da fadama

Kaugama ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja. Yawancin ƙasarta jigawa ce ta gero da riɗi da zoɓo, amma daga kudu tana gangarawa zuwa fadamun Kogin Haɗeja, waɗanda suka miƙa gabas har Nguru. Wannan fadama ita ce rumbun ciyawar yankin. Da rani garken shanu kan sauko mata daga nesa, kuma manyan kasuwanni irin su Maigatari da Gujungu ba sa barin dabba ta zauna wuri ɗaya. Inda dabbobi da danshi da doguwar ciyawa suka haɗu, nan kaska ke sarauta.

Mun saba ɗaukar kaska a matsayin matsalar makiyayi da saniyarsa. Fulani sun san babbar kaskar nan mai zanen launi a baya, wadda suke kira koti, kuma sun daɗe da lura cewa inda ta yi yawa kirci kan biyo baya a fatar shanu. Masana suna kiranta *Amblyomma variegatum*. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne cewa a cikin gida, mace ce mai dabba. Ita ke kiwon tumaki da awaki, ita ke turke ragon layya, ita ke share turken, kuma ɗaurin ciyawar da aka yanko daga fadama a gefen ɗakinta ake jibge shi. Matan da ke shekarun ɓarin kai su ne dai matan da hannunsu ke cikin ciyawa safe da yamma.

Ƙaramar kaska, wadda ba ta gama girma ba, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Cizonta ba ya zafi, domin yawunta yana kashe jin wurin. Takan nemi inda ido ba ya kaiwa: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙarƙashin mama, cikin gashin ƙeya. In tana ɗauke da cuta, a lokacin shan jinin take zuba ta.

Ƙwayar cutar da ta shafi labarina tana cikin dangin Riketsiya, waɗanda aka raɗa wa sunan Howard Ricketts, masanin Amurka da ɗaya daga cikinsu ta kashe a birnin Meziko a 1910 yana tsakar bincikenta. Ta nahiyarmu, *Rickettsia africae*, sai a 1996 ta sami sunanta a hukumance, kuma a 2013 an wallafa binciken da ya gano ta a jikin kaskar shanun jihar Filato. Tana da 'yan uwa da kaskar kare da wasu kaskokin ke ɗauka, masu alamomi kusan iri ɗaya da magani iri ɗaya. Dukkansu suna shiga su zauna a bangon ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne alamomin ke fitowa bayan kamar kwana 5 zuwa 10: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, ciwon tsoka, kaluluwa, da wani ɗan baƙin ɓawo a inda aka yi cizon, kamar ƙunar taba sigari.

Akwai abin mamaki a tarihin wannan cuta. Yawancin abin da aka rubuta a kanta daga jikin baƙi aka koya, Turawan da suka je yawon kallon namun daji a Afirka ta Kudu suka koma gida da zazzaɓi. A asibitocinsu tana cikin manyan dalilan zazzaɓin matafiyan da suka dawo daga nahiyarmu, bayan maleriya. Mu da muke kwana da kaskar a tsakar gida, zazzaɓinmu suna biyu kawai gare shi: maleriya da taifot. Wanda kuma ya nemi bayanin cizon kaska a intanet, abin da zai fi cin karo da shi cutar Lyme ce, wadda aka gano a wani gari mai wannan suna a Amurka a 1975. Cutar ƙasashen sanyi ce, da tata kaskar dabam. Karatunta ba zai nuna wa matar Kaugama abin da za ta duba a jikinta ba.

Makon da suka haɗu

Aiki ne ya kai ni, rahoto a kan kakar riɗi, sai na sauka a gidan gwaggona a wani ƙauye da ke kusa da fadama. Tana da raguna uku a turke. Kullum da la'asar nakan taya ta warware ciyawar da yara suka yanko, muna hira. Bayan kamar mako guda, saura kwana biyu jinina ya zo bisa lissafi, na tashi da ciwon kai da nauyin jiki.

"Sannu 'yar nan," in ji Gwaggo. "Naki ne ya tashi. Shiga ɗaki ki kwanta, in sa a yi miki kunu."

Lissafin kwanaki yana bayanta. Mai kemis ɗin ƙauyen kuma, da aka aika yaro, ya aiko da hukuncinsa ba tare da ya gan ni ba: maleriya ce da taifot a haɗe. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa ɓarin kan a hagu yake zama, bayan ido, yana bugawa, kuma in na yi amai na sami barci yakan sassauta. Wannan kuwa ya kama goshi da ƙeya gaba ɗaya, kamar an ɗaura mini gammo an ɗora dutse. Cinyoyina da bayana suna ciwo. Ma'aunin zafin jiki da ke cikin jakata ya nuna digiri 39. A duk shafukan littafina babu ranar da ɓarin kai ya zo mini da zazzaɓi, kuma haka abin yake a ilimin likita: ɓarin kai ba ya kawo zazzaɓi. In an ga zafin jiki, akwai wani abu dabam.

A rana ta uku jinin ya zo, nawa na gaskiya ya biyo shi. Na ji su biyu a kai ɗaya, kowanne da muryarsa, ɗaya yana dannawa ɗaya yana daka. Ranar aka ɗauki mota aka kai ni wani asibiti a Haɗeja, Gwaggo na riƙe da jakata.

Gwajin maleriya na tsinke bai nuna komai ba, na madubin likita ma haka. Likitan ya lanƙwasa wuyana ya ga ba ya sanƙarewa, domin a Jigawa zazzaɓi da ciwon kai ba sa wucewa ba a tuna da sanƙarau ba. Ya tambaya ko na ga jini a dasashi ko a fitsari, ko jinin al'adar ya wuce yadda na saba. Na miƙa masa littafina, ya karanta shafi biyu, sannan ya ɗago.

"Malama, kin yi hulɗa da dabbobi ko kin shiga ciyawa a makon nan da ya wuce?"

"Ƙwarai, Likita. Kullum."

Ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta shiga da ni bayan labule ta duba ni tun daga gashin kai. A bayan gwiwata ta dama ta sami baƙin ɓawon, ɗan ƙarami, ba ya zafi ba ya ƙaiƙayi. A matsematsin wannan ƙafar kuma ga kaluluwa. Littattafan Turawa suna cewa a nemi jan da'ira a kewayen ɓawon, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai an sa yatsa an ji kumburin.

"Kaska?" in ji Gwaggo. "Kaskar da muke cirewa da hannu tun muna yara?"

"Ita fa, Inna," in ji likitan.

Bai jira wani gwajin ba, kuma haka ƙa'idar take. Alamun cutar a jini ba sa bayyana sai an shiga mako na biyu ko fiye, don haka zazzaɓi da baƙin ɓawo da labarin ciyawa sun isa a fara magani. Ya rubuta doksisaikilin, sau biyu a rana, na mako guda. Sannan ya ce in zazzage jakata a kan teburinsa, ya ga duk abin da nake haɗiya.

Taura biyu a baki ɗaya

Wannan zazzage jakar ita ce rabin maganin. Mai ɓarin kai ba ta rabuwa da ƙwayoyi, kuma kusan kowacce daga cikinsu tana da magana da sabon ciwon ko da maganinsa.

Na farko, magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak. Su ne abokan tafiyar mai ɓarin kai, amma suna rage ƙarfin daskarewar jini. Muddin akwai zazzaɓin da ba a san asalinsa ba, farasitamol ne abin sha har sai likita ya duba. Dalili shi ne muna zaune a ƙasar zazzaɓin Lassa, kuma kaska kanta tana ɗauke da wata cutar mai sa zubar jini, zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kwantar. Kaskar da ke yaɗa shi, mai zanen zobe a ƙafafu, ta fi son busasshiyar ƙasa irin tamu. Ba kasafai ake ganinsa ba, amma macen da ke cikin jinin al'ada ba ta da jinin da za ta yi caca da shi.

Na biyu, doksisaikilin da abin da ake ci. Sinadarin kalsiyam da ƙarfe suna kama shi a cikin hanji su hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ke nan fura da nono, da ƙwayar ƙarin jini da mata da yawa ke sha saboda al'ada, da farin ruwan maganin gyambon ciki, duk sai a raba su da shi da awa biyu zuwa uku. Ana shan sa da cikakken kofin ruwa, a zaune, kuma ba a kwanciya sai bayan aƙalla rabin awa, domin in ya maƙale a maƙoshi yakan ƙona shi. Ga wadda ɓarin kai ya kayar, wadda ba ta da burin da ya wuce ta kife a kan katifa, wannan rabin awar doguwa ce. Na yi ta a jingine da bango, da ɗankwali a kan idona. Yana kuma tayar da zuciya, ga ɓarin kai na tayar da ita, don haka likitan ya haɗa mini da maganin amai, ya ce in ɗan ci wani abu kafin in sha. Mai juna biyu kuwa dole ta faɗa tun kafin a rubuta, domin likita ya auna abin da ya dace da ita.

Na uku, shi kansa doksisaikilin yana iya kawo nasa ciwon kan. A wasu 'yan tsirarun mutane, galibi mata masu shekarun haihuwa, yakan sa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya yi yawa ya matse ta. Alamarsa ciwon kai ne mai ƙaruwa in an kwanta, da gani biyu-biyu ko dishi-dishi, da ƙara a kunne mai bin bugun zuciya. Wannan ba na jira ba ne, domin yana iya taɓa gani. Mai ɓarin kai da ta saba da walƙiya a ido ita ce ta fi kowa haɗarin ta ce "nawa ne" ta juya kwanciya.

Na huɗu, agotamin, tsohon maganin ɓarin kai da aka fi sani da sunan Cafergot. Aikinsa tsuke hanyoyin jini. In aka haɗa shi da eritiromaisin ko kilaritiromaisin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake rubutawa kullum, hanta takan kasa fitar da shi, ya taru, ya tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa har yatsu su mutu. Ba a shan sa da ciki, ba a kuma haɗa shi da sumatiriftan a cikin awa 24. Likitan da ba a gaya wa ana shan sa ba, ba shi da hanyar sani.

Bayan zazzaɓi

Cikin kwana biyu zafin jikin ya sauka, kamar yadda aka saba gani in maganin ya dace da cutar. Na ƙarasa kwanakin da aka rubuta. Ɓawon ya faɗi ya bar ɗan tabo. Gajiya kuwa ta bi ni har kusan mako uku, kuma ɓarin kan watanni biyu da suka biyo baya ya fi na kullum tsawo da nauyi.

Na fahimci wannan da misalin tulu. Ƙwaƙwalwar mai ɓarin kai tulu ce da ba ta rabuwa da ruwa. Faɗuwar istirojin takan kawo ruwan kusa da baki. Rashin barci, ƙishirwa, yunwa, zafin rana da gajiyar jinya kowanne moɗa ce da ake ƙarawa. Jikin da ya tashi daga zazzaɓi tulunsa a cike yake tun kafin wata ya zagayo. Ƙwayar cutar ta riga ta mutu, abin da ya rage jiki ne mai neman hutu. Wanda ya ce a ci gaba da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni saboda ciwon kai bai tafi ba, ciwo zai ƙara.

Tarkon da ke wannan gaɓar shi ne yawan shan maganin ciwon kai, domin shi ma yana haifar da ciwon kai. Iyakar da masana suka sa ita ce: farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma sumatiriftan, agotamin, taramadol, kodin da ƙwayoyin da aka gauraya da kafeyin kwana 10 ko fiye, na sama da wata uku. Daga nan sai ciwon wata-wata ya koma na kullum. Kwanaki ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba, kuma wannan ma aikin littafi ne.

Da na koma Kano muka zauna da likitata muka sake tsari. Tunda nawa yana da ranar zuwa, sai a tare shi a hanya: nafuroksin na 'yan kwanaki, daga kwana biyu kafin ranar da ake jiran ciwon, bayan ta tabbatar ba ni da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu. In ya ƙetare wannan shingen, sumatiriftan tun ciwon yana ƙarami. Wannan maganin ya fito tun 1991, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, amma bai dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Waɗanda nasu ke zuwa sau da yawa a wata akwai na rigakafi da ake sha kullum, irin su furofaranolol da amitiriftilin, masu araha, da likita ne kaɗai zai zaɓa. Akwai kuma magana ɗaya da nake so kowace mai karatu ta riƙe: macen da ke ganin walƙiyar gargaɗi kafin ciwonta, ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin ba tata ba ce, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da ba su da istirojin, a tambaya.

Abin da ke hannunmu

Ba za a ce wa matan Kaugama su bar kiwo ba. Ragon turke shi ne asusunsu, shi ne kuɗin makarantar yaro da kayan ɗakin yarinya. Abin da za a iya ƙanana ne. A jibge ɗanyar ciyawa nesa da ɗakin kwana. Wadda ta yi aikin turke ko ta shiga fadama ta duba jikinta wajen wanka, ta duba na yara. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali, a wanke wurin da sabulu, a rubuta ranar. Kada a ƙona ta tana jiki, kada a zuba mata kananzir, kada kuma a murtsuke ta da farce, domin jinin cikinta shi ne abin gudu. Maganin kaskar dabbobi a nemi shawarar malamin dabbobi a kansa. Fesa fiya-fiya a ɗakin kwana guba ne ga kowa, ga mai ɓarin kai kuma warinsa kaɗai ya isa ya kwantar da ita.

Ga mai tsohon ciwo da 'yan uwanta, alamomin da ke cewa wannan ba na kullum ba ne sanannu ne: zafin jiki da ya kai digiri 38, sanƙarewar wuya, ciwon da ya sauka farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, nauyin harshe ko mutuwar hannu, gani biyu-biyu, ruɗewa, zubar jini daga inda ba a saba ba, ko sabon ciwon kai ga mai juna biyu. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa a nemi mota.

Ga 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya kuwa, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, kuma tsinken gwajin ya kai ƙauyuka. Tambayar da ta rage ita ce abin da ake yi in tsinken ya ce babu. Sau da yawa sai a koma ga gwajin Widal, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. Abin da ya warware nawa lamarin bai ci ko sisi ba: tambaya ɗaya a kan dabbobi da ciyawa, da minti biyar a bayan labule tare da mace 'yar uwata da ta duba inda kunya ba za ta bar ni in nuna wa namiji ba. 

Gwaggo ta sa an mayar da jibgin ciyawarta bayan rumbu. Jikarta mai shekara 16, wadda nata ɓarin kan ya fara bara, na saya mata littafi mai shafi 40 da ma'aunin zafin jiki, na ja mata layuka huɗu: ranar ciwo, ɓarin da ya kama, ranar jini, abin da aka sha. Ta cika wata bakwai yanzu, kuma ta riga ta san ranar da nata ke zuwa.